Kafin in tafi: ga masu zuba wa tsoffin hotunan motoci kala

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki. Wannan na ku ne da kuka shigo sashen gyaran hotuna kwanan nan, musamman wanda za a ɗora wa kwangilar hotunan dillalan motocin Amurka.

Duhun da ke jikin mota a hoton baƙi-da-fari ba ya gaya maka launinta. Yawancin gilasan da masu hoto ke ɗauka da su a shekarun 1910 ba sa kama ja sosai. Jar mota sai ta fito baƙa ƙirin, mai ruwan bula ta yi fari-fari, sama kuwa fari fat. Don haka shekarar motar ake fara ganowa, sannan a binciko fentin da kamfanin ke da shi a lokacin.

A kan wannan muka raba gari da Oga. An kawo hoton wani shagon Ford, ga motocin kamfanin ƙirar Model T jere a bakin ƙofa, lagiretonsu na baƙin ƙarfe ne, ba na tagulla ba, wato ƙirar 1917 zuwa sama. Daga 1914 har 1925 kuwa baƙi kaɗai Ford ke fitarwa. Na bar su baƙaƙe, na zuba kalar a jan bulon ginin da tufafin mutanen. Oga ya leƙo ya ce hoton kamar zaman makoki, ba mai tsayawa ya kalle shi a Facebook. A yi ɗaya ja, ɗaya rawaya, ta ƙarshen koriya. Na tura masa bayani a rubuce. Amsarsa: "Kala kwastoma ya biya, Malam, ba darasin tarihi ba." Hoto ya fita, masu tara tsoffin motoci suka yi masa caa, kwastoma ya dawo da aiki yana faɗa. A taron Litinin Oga ya ce wanda ya yi aikin bai yi bincike ba, aka zaftare min albashi. Saƙona na nan a wayarsa, wayar tana kan tebur a gabansa. Allah ya isa dai ban ce ba.

Baƙin nan da yake raina wa yana da dalili. Motocin farko irin fentin keken doki ake musu: buroshi, shafi kan shafi, a jira ya bushe, a goge, a sake, aiki ya ɗauki makonni. Masana'antar Ford da ta kafa layin haɗa mota mai tafiya a garin Highland Park a 1913 ba ta da wurin jibge motoci suna shan iska. Baƙin fenti mai haɗin kwalta, wanda ake gasawa a jikin ƙarfe, ya fi arha, ya fi ƙarko. Sai da kamfanin sinadarai na DuPont ya fito da Duco, fentin feshi mai bushewa cikin sa'o'i, kamfanin motoci na General Motors ya sa shi a kan motarsa Oakland shuɗiya ta 1924, sannan kala ta sauko ga mai matsakaicin ƙarfi. Ford ya bi sahu a 1926. A 1927 General Motors ya buɗe sashen zane da launi a ƙarƙashin mai zanen motoci Harley Earl. Hoton ƙarshen shekarun 1920 ne za ka iya sakin hannu a kansa.

Kada kuma ka zarce ka baƙanta kowace Model T. Na farkon, daga 1908, sun zo da ja, toka da kore, daga baya shuɗi mai duhu wanda a hoto ba ka raba shi da baƙi.

Tayoyin farko-farko fari-fari ne, kafin a fara zuba baƙin garin gawayi a roba.

Manhajar da ke zuba kala da kanta hasashe take yi, ta fi son ruwan ƙasa da shanshanbale. Kar ka miƙa aikinta ba ka bi ta kai ba.

Duk umarnin da ya saɓa wa bincikenka, a ba ka shi a rubuce, ka kuma sa wani a kwafi. Ni Oga kaɗai na tura wa.

Jadawalin launukan da na haɗa shekara-shekara yana cikin kwamfutar sashe, ku yi amfani da shi. Na ji yanzu shi Oga ke tura wa kwastomomi, da sunansa a sama.