Yadda na rage share kwamfutoci da hannu

Aikina kula da kwamfutocin wata makarantar koyon kwamfuta ne a Zariya, wadda rabinta makaranta ce, rabinta shagon buga takardu da cike fom. Duk na tebur ne, 'yan gwanjo, yawancinsu HP Compaq Elite 8300 da Dell OptiPlex 7010, irin waɗanda aka ƙera wajajen 2012, ofisoshin Turai suka gama cin moriyarsu aka lodo mana. Ram giga 4, faifai mai juyawa giga 250 ko 500. Kowace ɗaya hannaye da yawa ke bi ta kanta a yini: mai koyon Excel da safe, mai buga silif ɗin JAMB da rana, mai haɗa katin ɗaurin aure da yamma. Kwamfutar da ke irin wannan rayuwa ba ta jimawa sai ta cika da tarkace.

Da can Asabar ce ranar shara. In buɗe Disk Cleanup, manhajar da Microsoft ta sa a Windows tun zamanin Windows 98, in sa alama a akwatunan da ta jero, in danna. Daga nan in bi da CCleaner ta kwashe abin da ya rage a burauza, sannan in saki difirag, wato tattara gutsattsarin fayiloli wuri ɗaya a kan faifai, in tafi sallar azahar in dawo bai gama ba. Haka na koya wajen ogana, haka na riƙa koya wa yaran da suka zo hannuna. Sunayen manhajojin nan suna nan yadda suke, amma abin da suke yi in an danna su ya sha canzawa, kuma ba a cika sanar da kowa da babbar murya ba.

Canji na farko da ya amfane ni ƙwarai ya zo ne a Oktoban 2013, lokacin da aka ƙara wa Disk Cleanup na Windows 7 damar share tsofaffin fayilolin sabuntawa. Kafin nan foldar WinSxS, inda Windows ke tara waɗannan fayiloli, kumbura kawai take yi, ba yadda za ka yi da ita, in ka taɓa ta da hannu ka kashe Windows. Bayan wannan gyara, kwamfutar da ta shekara biyu ba a sake mata Windows ba sai ka ga ta saki giga da yawa a zama ɗaya. Sai dai sharar ba ta ƙarewa a wurin. Sai an sake kunna kwamfutar take ƙarasa aikin, allo ya tsaya yana cewa kada a kashe. To mu nan kalmar "kada a kashe" ba a hannunmu take ba. Tun daga lokacin ba na fara wannan shara sai inji na aiki kuma na leƙa tankinsa, domin ɗauke wuta a tsakiyar wannan matakin na iya barin kwamfuta tana kewaya a allon farko.

Maganar wuta ta sake fitowa a wani wuri da mutane ba sa lura. Windows 7 ta zo da jadawalin difirag na kanta, duk Laraba ƙarfe ɗaya na dare. A Windows 10 an haɗa ayyukan kula da na'ura wuri ɗaya, an sa musu ƙarfe biyu na dare. Wanda ya tsara wannan yana tunanin ofishin da ake barin kwamfuta a kunne har safe. Namu shagon ƙarfe takwas an rufe, an zare komai daga soket saboda tsoron wutar da ke dawowa da ƙarfi. Aikin da bai samu yin sa da dare ba, Windows na jiran ta ga an ɗan bar kwamfutar ba a taɓa ba sai ta fara. Shi ya sa malamin aji zai tsaya bayani na ɗan lokaci, ɗalibai su koma kan linzami su tarar kwamfuta ta yi nauyi, fitilar faifai ta kafe ba ta ko ƙiftawa. Wata malama da ke koyar da buga rubutu ta sha kirana a kan wannan.

"Malam, kwamfutocin nan fa sun sake kamuwa da bairos."

"Ba bairos ba ne, Hajiya, shara suke yi. A ba su minti goma."

"Shara a tsakiyar aji?"

Tana da gaskiya. Na shiga Control Panel na mayar da lokacin kula da na'ura zuwa ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da kowa ya fita salla da cin abinci, injin kuma bai mutu ba. Wannan ɗan canjin ya rage ƙorafi fiye da duk wata manhaja da na taɓa saukewa.

CCleaner kuwa labarinta ya shiga jaridun duniya a Satumban 2017. Kamfanin Piriform na Landan ne ke yin ta, Avast ta saye shi a watan Yulin shekarar. Sai aka gano cewa wasu sun kutsa cikin na'urorin da ake haɗa manhajar, sun cusa muguwar manhaja a cikin siga ta 5.33, kuma an yi kusan wata guda ana raba ta daga shafin kamfanin, da sa hannunsa na gaskiya. Kamfanin da kansa ya ce kwamfutoci miliyan 2.27 ne suka sauke ta. Masu kutsen manyan kamfanonin fasaha suke hari, kuma Windows mai bit 32 abin ya shafa. Namu kwamfutocin bai taɓa su ba, saboda tsohuwar siga ce a filashina nake yawo da ita. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin duk nasihar da muke yi wa mutane ita ce su sauke daga shafin asali, su riƙa sabuntawa, kuma waɗanda suka bi nasihar su ne abin ya faɗa wa. A shekarar da ta biyo baya siga ta 5.45 ta jawo wata hayaniyar a kan tattara bayanan masu amfani da wahalar kashe sa idon da take yi, har kamfanin ya janye ta ya fito da gyara. Ban ce manhajar ba ta aiki ba, tana yi. Na dai fara tambayar kaina ko akwai buƙatar in ba wata manhaja ta waje izinin shiga ko'ina a kwamfuta don aikin da Windows ta fara yi da kanta.

Domin a daidai wannan lokacin ne Storage Sense ya iso kwamfutocin tebur, a sabuntawar Windows 10 ta Afrilun 2017. Da farko ɗan abu ne: ya share fayilolin wucin gadi, ya zubar da abin da ya kwana 30 a kwandon shara. A siga ta 1809, ta Oktoban 2018, aka faɗaɗa shi, Microsoft kuma ta sanar cewa ta daina bunƙasa Disk Cleanup, ko da yake har yau yana nan in ka rubuta cleanmgr. Yanzu kana iya ce wa Storage Sense ya yi aiki kullum, ko duk mako, ko duk wata, ko sai wuri ya yi ƙaranci. Kana iya zaɓar kwana 1, 14, 30 ko 60 ga kwandon shara, haka ma ga foldar Downloads.

A kan foldar Downloads ɗin nan na fi daɗewa ina tunani. A wajen wanda ya ƙera manhajar, wuri ne na wucin gadi, ka sauke abu, ka kai shi inda ya dace. A wajen mutanenmu kuwa nan ne ma'ajiya. Na buɗe ta a kwamfutar da ke gaban kanta na ga takardar haihuwa da aka yi wa sikanin, hoton fasfo na mutum fiye da ɗari, sakamakon NECO, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da babin farko zuwa na biyar na furojet ɗin wani ɗalibi, wanda na tabbata ba shi da kwafi a ko'ina. Mutum zai dawo bayan wata huɗu ya ce, "Oga, hoton nan da kuka ɗauke ni ranar nan, a sake buga mini." Kuma yana sa ran a same shi. A waccan siga ta 1809 an ƙara akwatin Downloads a jerin Disk Cleanup. Ba a sa masa alama ba tun asali, amma duk wanda hannunsa ya saba bin akwatunan nan daga sama har ƙasa yana sa alama, zai haɗa da shi bai sani ba. Mutane sun yi ta ƙorafi, aka cire shi daga Disk Cleanup a siga ta 2004 da ta fito a 2020. A Storage Sense yana nan, a kashe. A kwamfutocin aji na kunna shi a kan kwana 60, na kuma liƙa sanarwa a bango. A ta gaban kanta ban kunna ba, ba kuma zan kunna ba.

Tun daga wannan na ɗauki wata al'ada. Duk lokacin da babbar sabuntawa ta sauka, kwamfuta ɗaya nake bari ta karɓa, in zauna in karanta jerin akwatunan shara ɗaya bayan ɗaya, in gwada da hoton tsohon jerin da na ɗauka a waya. Sai na gamsu sannan sauran su bi. Ba na kuma taɓa foldar Windows.old a kwanakin farko, duk da girmanta na tsone ido. Ita ce hanyar komawa tsohuwar siga in firinta ko sikana ta ƙi aiki da sabuwar, kuma Windows da kanta za ta share ta bayan kwana 10.

Akwai sharar da asara ce tsantsa a wurinmu. A jerin akwai fayilolin Delivery Optimization, wato guntayen sabuntawar da kwamfuta ɗaya ta sauke ta ajiye don ta raba wa 'yan uwanta da ke kan hanyar sadarwa ɗaya. In an kunna rabawa tsakanin kwamfutocin cikin gida, abin da ɗaya ta saya da data sauran za su karɓa kyauta. Ka share shi da wuri, kowace ta koma intanet ta sauke nata, kamar ka sayi ruwa wajen ɗan garuwa ka tuntsurar don randa ta yi haske. Haka ma ajiyar burauza. Manhajojin shara na son nuna maka sun kwashe mega ɗari biyar daga Chrome, amma hotuna da shafukan da ake buɗewa kullum ne, gobe sai an sake sauke su da kuɗin Alhaji mai makaranta. Abin da nake sharewa a burauzar kwamfutar haya shi ne kalmomin sirri da zaman shiga na mutane, wannan kuma don amana ne, kada wani ya zauna ya tarar da imel ɗin wani a buɗe.

Sharar rajistar Windows, wato kundin da take ajiye saitunanta, na daina ta gaba ɗaya. Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya taɓa sauke wata manhaja daga cikin masu alƙawarin mayar da kwamfuta sabuwa da dannawa ɗaya. Ta nuna jan rubutu cewa ta gano matsala sama da dubu, ya danna gyara, washegari firinta ta ɓace daga kwamfutar, Word kuma ya riƙa neman a sake girka shi. System Restore, mai mayar da Windows yadda take a baya, shi ne ya cece mu. Microsoft ta daɗe da bayyana cewa ba ta goyon bayan amfani da manhajojin share rajista, ni ma ban taɓa ganin kwamfutar da ta ƙara gudu saboda an cire mata layuka dubu daga rajistar da ke ɗauke da dubban ɗaruruwa ba. Yawan lambar da ke fitowa a allo ba ya burge ni, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da ya yi man kuwa ba manhaja ba ne. Da Alhaji ya yarda muka fara sa SSD, ma'ajiyar da ba abin da ke juyawa a cikinta, mai giga 128 ko 256 a maimakon faifai mai juyawa, kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta tashi ta koma daƙiƙa ashirin da wani abu. A nan ma sai da na sake wa yara karatu, domin SSD ba a yi masa difirag irin na da. Tun Windows 8 manhajar ta koma Optimize Drives, tana gane irin faifan da ke ciki, in SSD ne sai ta aika masa umarnin TRIM, wanda ke gaya masa wuraren da aka share don ya shirya su. A bar ta da jadawalinta na mako-mako ya wadatar. Tsofaffin manhajojin difirag da ke filashin masu gyara, waɗanda ba su san SSD ba, rubutu kawai za su yi ta yi a kansa suna cin kwanansa.

Manhaja ɗaya ta waje da na riƙe ita ce CrystalDiskInfo, kuma ba ta share komai. Lafiyar faifai take karantawa: shuɗi lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuma a kwashe kaya. Faifan gwanjo kan zo da awa dubu ashirin ko talatin a kansa, ga ɗauke wuta ba sallama. Da na ga rawaya a layin sassan da suka lalace aka sauya musu wuri, ba na jiran komai, a ranar nake kwafe fayiloli. Sau da yawa kwamfutar da aka kawo mini da sunan tana buƙatar shara, faifanta ne ke mutuwa, ko kuma ƙurar hunturu ta toshe fankar furosesa har ya rage gudu don kada ya ƙone. Wannan bulowa ce maganinsa, a fitar da ita waje a buɗe murfi, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima.

Yanzu Asabar ɗina ba ta wuce duba launin faifai, leƙa Task Manager in kashe abin da ɗalibai suka cusa a jerin masu tashi da kwamfuta, da busa ƙura in lokacinta ne. Damuwar da ke gabana ta fi shara girma. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma na neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, da furosesan Intel ƙarni na takwas zuwa sama, namu kuwa ƙarni na uku ne. Na sa Linux Mint a madadin Windows a biyu daga cikinsu don gwaji, da BleachBit a matsayin manhajar shara. Masu koyon buga rubutu ba su ce komai ba. Masu zane da CorelDRAW ne suka ƙi zama a kansu, kuma su ne suka fi kawo wa Alhaji kuɗi, don haka maganar tana teburinsa har yanzu.