Laimar ko-ta-kwana tana son sarari

'Yan'uwa masu koyon jera laimar saukowa daga jirgi (parachute) a sama, ga inda na kai. Yanzu ina iya matsowa a hankali in miƙa gaban laimata, na sama ya saƙala ƙafafunsa a igiyoyin tsakiya, mu sauko tare. Na fara shiga jeren mutum uku. Amma mafi yawan lokacina a 'yan makonnin nan a ƙasa ya tafi, wajen sake fahimtar kayan da ke bayana.

Duk abin da aka koya mana tun farko shi ne mu nisanci juna da zarar laima ta buɗe. A wannan fanni kuwa da gangan muke taɓa juna, shi ya sa kayan da ke ceton mai sauka shi kaɗai ba lalle su yi mana aiki yadda muka saba ba.

Ɗauki igiyar RSL, wadda ke fizgo laimar ko-ta-kwana da zarar ka saki babbar. Ta ceci rayuka da yawa, ban raina ta ba. To amma idan kun sarƙe ku biyu kuna juyawa, ka saki taka, ko-ta-kwana za ta fito nan take, kana dab da tarin yadi da igiyoyi, wataƙila ma da igiya ɗaya a idon sawunka. Abin da kake buƙata shi ne ka faɗi na 'yan daƙiƙoƙi, ka tabbata ka fita tsaf, sannan ka buɗe ko-ta-kwana da hannunka. Don haka yawancin masu wannan wasa suke cire ta, ni ma malaminmu ya sa na cire. Ranar da zan yi sauka ta yau da kullum kuma sai in mayar, kuma ina sa wani ya duba min kafin in hau jirgi.

Na'urar AAD, wadda ke buɗe ko-ta-kwana da kanta idan mutum bai buɗe ba, ita ma haka. Samfurinta mai suna Cypres, wadda ta fito a 1991, irin ta ƙwararru tana yanke zaren da ya rufe jakar ko-ta-kwana ne a wajen mita 225 idan gudun faɗuwa ya kai mita 35 a daƙiƙa. Mutum biyu da ke rataye ƙarƙashin laima da ta lalace rabi da rabi suna iya saukowa da gudun da zai kashe su, amma bai kai wanda zai tayar da na'urar ba. Ina kunna tawa kullum, sai dai ba ta cikin lissafina idan aka sarƙe.

Inda na fi daɗewa shi ne bambancin naɗewa da sarƙewa. A naɗewa, laimar na ƙasa ce ke rufe jikin na sama kamar an jefa masa bargo, alhali laimar na saman tana can tana tashi lafiya, tana ɗauke da su duka. Na saman zai bi igiyoyi ya zame su daga jikinsa, idan abin ya ƙi, na ƙasa ne ke saki, kuma sai na sama ya ce masa ya saki. A sarƙewa kuwa laimomin ne suka shiga juna, mutanen suna lilo a ƙasa. Nan ƙa'idar da aka koya mana ita ce na sama ya fara saki, domin idan na ƙasa ya riga shi, igiyoyinsa na iya tsalle su naɗe ɗan'uwansa. Idan kuma dukanku za ku saki, kada ku buɗe a wuri ɗaya, ɗaya ya jinkirta.

Duk wannan da baki ake yinsa. Shi ya sa hular kwanon da ke toshe kunne ba ta da amfani a nan. Ana faɗin tsayi da ƙarfi, ana faɗin abin da ake so a yi kawai. Kada ka ce wa mutum "kada ka saki", iska za ta cinye farkon maganar ya ji ƙarshenta. Ce masa "riƙe ni".

Tsayi ne ke yanke hukunci. Ba ma haɗuwa ƙasa da ƙafa 2,500. Ƙasa da ƙafa 1,000 kuma ba a sakin babbar laima, sai dai a ƙara ko-ta-kwana a kanta, a samu yadi da yawa a sama gwargwadon iko.

Wannan ne ya kai ni ga tambayar laima ta uku, ƙaramar zagayayya da ake ɗaurawa a ƙirji, a jefa da hannu ba tare da an saki komai ba. Hujjar masu sonta tana da ƙarfi: wanda yadi ya naɗe masa baya, jakarsa a rufe take. Na gwada ɗaura ɗaya a ƙasa. Tana zaune daidai inda nake son ganin mariƙina biyu, mai launin ja na sakin babbar laima a dama, na ƙarfe na buɗe ko-ta-kwana a hagu, ga shi ta ƙara ƙugiyoyin da igiya za ta iya kamawa. A matakin da nake, na bar ta. Na fi son wuƙa mai ƙugiya guda biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a cinya, yadda kowane hannu zai kai ga ɗaya.

Sauran kayan ba su da wuya: safar hannu, safa mai kauri, dogon wando, takalmi marar ƙugiya. Laimar da nake aro samfurin Lightning ce mai ɗakunan iska bakwai, igiyoyinta Dacron masu kauri, 'yar laimar da ke jawo ta daga jaka kuma tana komawa ta lafe a bayanta maimakon ta riƙa reto. Kada wanda ke da siraran igiyoyi ya shigo jere, suna yanka fata.

Ku duba katin naɗin ko-ta-kwanarku. A Amurka kwana 180 ne wa'adi, kuma sai mai lasisi ya naɗe, wasu ƙasashe nasu daban. Ranar da za a kwance tawa na roƙi in ja mariƙin da kaina, na ji nauyinsa da safar hannu a hannuna, na ga yadda sifirin ya harbo 'yar laimar. Mako mai zuwa, in sha Allah, za a rataye ni a ɗamarar gwaji, a rufa min tsohuwar laima a ka, in nemo mariƙai da wuƙa ban ga komai ba, abokin saukata yana ƙirga min tsayi daga gefe.