Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hanyar Sakaramento

Makon jiya mun tsaya inda takardar aiki ta iso, aka ce in bayyana a Sakaramento, babban birnin jihar Kalifoniya ta Amurka, kafin ƙarshen Janairu. Kuɗin jirgi da na dakon kaya sun fi ƙarfina, don haka shawara ta tsaya kan mota. Waya ta nuna min babbar hanya mai lamba 80, miƙaƙƙiya ɗoɗar daga Shikago inda muke, mil 2,000 da 'yan kai. Uwargida ta ce da jaririya a hannu ba za ta shiga mota ba sai an ji ta bakin wanda ya san hanya.

Bayan Juma'a na tari wani dattijo, Bahaushen Kumasi, wanda ya tsufa a tuƙin tirela. Ya ɗauko tsohuwar taswira, duk ta sha salatif a gaɓoɓinta, ya shimfiɗa a kan bonet ɗin motata, ya danne gefe da makullansa saboda iska.

"Ɗana, a wannan wata tudu ake fara tambaya, sannan iska, sannan tazarar gari da gari. Tsawo shi ne na ƙarshe."

Ya ɗora yatsa a jihar Wayomin. Tsakanin garuruwan Shayan da Larami hanyar na hawa har ƙafa 8,640, nan ne ƙololuwarta duka. Daga Larami zuwa Rolins kuwa fili ne fetal, iska na kwasar dusar ƙanƙara daga ƙasa ta watsa a titi ko da sama na garau, tana kuma kifar da tirelar da ba ta da lodi. Akwai ƙofofin ƙarfe da ake saukewa a rufe titin ɗungurungum, matafiyi ya kwana inda dare ya same shi. In ka tsallake wannan, ga mashigar Dona a duwatsun Kalifoniya, sama da ƙafa 7,000, inda sai an ɗaura wa taya sarƙa idan ƙanƙara ta sauka. Sunan ma na wasu matafiya ne da ƙanƙara ta ritsa da su a wurin a 1846, kusan rabinsu ba su fita da rai ba.

Na ce, "Baba, to ina mafita?"

Ya ja yatsa kudu: lamba 55 zuwa San Luwis, 44 zuwa birnin Okalahoma, daga nan 40 ta Amarilo da Albakarki har Basto, sai 58 zuwa Bekasfil, a miƙe arewa a kan 99. Ƙarin sama da mil 300 ke nan. Abin da ya ƙara masa girma a idona shi ne bai ɓoye aibin hanyar tasa ba. Ya ce Okalahoma na da ruwan da ke daskarewa da zarar ya taɓa kwalta, ido ba ya ganinsa, musamman a kan gada. Filagstaf ta Arizona tudu ce, kusan ƙafa 7,000, kuma tana shan dusar ƙanƙara sosai. Kwarin Kalifoniya kuma yana da hazon asuba da ya fi na hunturun Kano kauri. Sai dai hatsarin kudu guntu-guntu ne, ana iya jiransa ya wuce a masauki.

Har yau ina ganin wannan ne ma'auni na gaskiya ga mai tafiya da iyali. Kuɗin man da ya ƙaru ya ciji aljihuna ƙwarai, amma na biya da zuciya ɗaya.

Ya gindaya min sharuɗɗa: kada tanki ya sauka ƙasa da rabi, kada in yi tuƙin dare, in kira 511 kowace safiya in ji halin titi. Uwargida ta cika but da barguna, ruwa, dabino da dambun nama, ta sa madarar yarinya a cikin mota don kada ta daskare.

Muka yi asubanci ran Litinin. Lafiya lau har Albakarki. Abin da muka tarar a hawan Filagstaf kuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.