Raƙumi da shamuwa

Alhamis, bayan isha'i.

Yau ma famfo bai kawo ruwa ba, sai da na sayi jarka biyu wurin mai ga-ruwa kafin in fita. Ƙurar hunturu ta lulluɓe gari, ko duwatsun Birni, tsohuwar unguwar nan ta Zinder, ba a hangowa sosai. Na isa lakwal yara sun riga sun shiga aji.

Tun Litinin nake fama da darasin dabbobi a ajina na jardan, ƴan shekara huɗu zuwa biyar. Hotunan da aka ba mu ba laifi: giwa, zaki, jakin dawa mai zane-zane, har da wani tsuntsun ƙasar ƙanƙara da ni kaina a tele kawai na san shi. In ɗaga hoto, in faɗi sunan da Faransanci, su amsa gaba ɗaya kamar za su ɗage kwanon rufi. Amma in na nuna yaro ɗaya na ce ya faɗa shi kaɗai, sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin riga. Kwana uku muna ihu, ba wanda ya yi magana.

To yau ranar kasuwa ce. Muna cikin amshin nan sai ga wani Buzu ya biyo ta bayan katanga da raƙuma uku. Kafin in ankara duk ajin ya koma taga. Har na buɗe baki zan tsawata, sai na ce bari in gwada. Na ce, "Raƙuma nawa kuka gani?" Wani yaro da ke zama can ƙurya, wanda tun shigowarsa ban ji muryarsa ba sai in zai nemi fita fitsari, ya ce, "Madam, ta bayan nan taguwa ce, na gaban ne amale." Ashe babansa dillali ne a kasuwar dabbobi. Ya nuna mana yadda ake jan akala a ce wa raƙumi ya gurfana, har da durƙusawa a tabarma.

Na kife hotunan a tebur. Na ce wa ke da akuya a gida? Hannuwa suka tashi. Wannan ya ce tasu ja ce irin ta Maraɗi, wancan ya ce nasu bunsuru ne, wari gare shi. Muka jera su biyu-biyu: rago da tunkiya, sa da saniya, doki da goɗiya, zakara da kaza, muzuru da kyanwa. Wata ƴar firit ta miƙe ba a kira ta ba, ta ba mu labarin yadda akuyarsu ta cinye kayen yayanta, wato littafin rubutunsa, sai ya yi kuka, sai inna ta bi ta da muciya, sai ta tsallake katanga ta faɗa gidan maƙwabta. Jimla huɗu a jere, kowace a mazauninta. Ni dai wannan ya fi mini sunan dabba ashirin da aka haddace.

Da muka zo kan kukansu, kowa ya san zakara cara yake yi, kare kuma haushi. Haniniya ce ta gagare su, sai yara biyu da gidajensu ke kusa da fadar Sarkin Damagaram, su da suka saba da dawakin hawan salla.

Sai daga baya na shigo da Faransancin, kalma uku kawai. Da na ce raƙumi shi ne chameau, "shamo", mai labarin akuyar nan ta ɓata rai ta ce, "Madam, shamuwa ai tsuntsuwa ce, kuma sai damina take zuwa." Na yi dariya har da hawaye. Amma ga shi har aka tashi ba wanda ya manta kalmar.

Malamar ajin da ke jikin nawa ta leƙo ta ce surutunmu ya hana ta aiki. Na ba ta haƙuri, gaskiyarta ce. Abin da dai ke ci mini tuwo a ƙwarya, a nan Zinder aka fara gwada makarantar Hausa da Faransanci tun 1973, a 2025 kuma aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma har yau yaron da ya san taguwa da amale shi ake rubuta wa "ba ya magana" a takarda. Ni ma da hannuna na rubuta masa haka watan jiya.

Da la'asar na biya Kasuwar Dole na sayo kwando mai murfi. Maƙwabciyata ta yarda ta ara mini ƴan tsakinta biyar gobe, da sharaɗin in maido su biyar. Ɗan dillali kuma ya ce zai zo da akala, in babansa ya bari.