Teburin rubutun kakana da hannuwan tagullar da na rasa

Har yau idan na wuce ta gaban teburin nan sai na ji wani abu ya tokare min a ƙirji wallahi. Teburin rubutu ne irin mai murfi a karkace, wanda idan ka sauke murfin ya zama wurin rubutu, ga ƙananan aljihuna a ciki na ajiye wasiƙu, ga durowa uku a ƙasa. Na kakanmu ne, akawu ne a En'e ta Kano, kuma tun muna yara ake ce mana wani Bature ne ya bar masa, wai tun zuwan Turawa a 1903 yake.

Da aka zo rabon gado ya faɗo a kason Hajiyarmu, ta ce in nemi mai saye tunda ba wurin ajiye shi. Toh a nan na tafka kuskuren. Na kalle shi ya yi baƙi, hannuwan durowar duk sun dafe sun yi kore-kore, sai na ce bari in kai wa kafinta ya gyara shi ya fito fes kafin mai saye ya gani. Naira dubu 40 na biya. Ya goge shi da samfefa har sai da farin katako ya fito, ya shafa masa man sheƙi, ya cire hannuwan tagulla guda shida ya sa sababbi na kasuwa masu walƙiya.

Dattijon da aka haɗa ni da shi, wanda ya daɗe yana harkar kayan da, yana shigowa ya tsaya ya yi shiru. Can ya ce ɗana wa ya taɓa teburin nan? Na ce ni ne Baba, gyara na sa aka yi. Bai ce komai ba ya zaro durowa ɗaya ya kifa ta, ya nuna min haɗin kusurwa, haƙoran nan da ke shiga juna, ya ce ka ga duk girmansu ɗaya kamar an auna, aikin inji ne, na hannu ba ya daidaita haka. Ya duba baya ya ga falankai ne ba filawud ba, sukurorin da kafinta bai taɓa ba kuma masu tsaga ɗaya ne, ba masu alamar giciye ba waɗanda sai wajen shekarun 1930 suka fito. Sannan ya haska kubar murfin da fitilar waya, sai ga ɗan kambi da haruffa GR. Ya ce da na zamanin Sarauniya Victoria ne VR za ka gani, ita kuwa ta rasu a 1901, wannan Sarki George ne, na biyar ya hau a 1910 ya rasu a 1936, kuma da sauran alamun ya fi kama da nasa. Kenan zancen 1903 ɗin nan da muka taso da shi ba haka ba ne, ya ce mai yiwuwa ma jirgin ƙasa ne ya kawo shi bayan layin dogo ya iso Kano a 1911.

Sai ya tambayi hannuwan. Ya ce sau da yawa a bayansu ake buga Rd No da lamba, rajistar zane ce da Ingila ta fara da wannan tsarin a 1884, da lambar ana iya gano shekarar da aka yi rajistar zanen. Na kira kafinta a take jikina na rawa, ya ce ai tun ranar yaransa suka sayar wa 'yan gwangwan a kilo. A kilo fa! Kwana uku ina bin wuraren da suke tara kaya ina tonon ƙarafa da hannuna, ko ɗaya ban samu ba.

Baƙin nan da na ga kamar datti ashe shi masu saye suke nema, shekaru da hannuwan mutane ne suka yi shi kuma ba ya dawowa. Ya faɗa min kai tsaye cewa abun da zai iya bayarwa yanzu bai kai rabin abun da zai bayar da ban taɓa shi ba, kuma ban ga alamar yana son karya min farashi ba ne, shi kansa ransa ya ɓaci.

Don Allah duk mai irin wannan a gida, tsumma busasshe kawai ya ishe shi, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, ka ɗauki hoton kuba da ƙasan durowa da bayan hannuwa kafin kowa ya kusance shi da sukundireba, in ma wani abu ya ɓalle ka ƙulle shi a leda ka jefa a durowar. Hajiya da ta ji ta ce a bar shi kawai ba za a sayar ba. Yana falona yanzu, na cire sababbin hannuwan na bar ramukan a haka, kuma duk mai gwangwan da ya bi ta layinmu har yanzu sai na tsayar da shi na leƙa buhunsa.