Ƙodar raƙumi a ƙarƙashin madubi

Talata.

Bayan sallar asuba na nufi kwata, don a Kano da wuri ake yanka raƙuma. Wani dattijon mahauci ya ciro min ƙoda da ɗuminta, ya ce, "Ɗan nan, miya ce ko karatu?" Na ce, "Karatu ne, Baba." Sumul take, ba gunduwa-gunduwa irin ta saniya ba. Da na tsaga ta, ɓangaren ciki, wato medula, ya ninka na waje wajen sau 4. Na yayyanka, na tsoma a fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, mai kashi 10 cikin 100. Sai gobe za a saka yankakken naman a kakin farafin don yin silaid.

Yinin yau a kan tsofaffin silaid na ɗakin gwaji ya ƙare. Rinin Masson ya fito da kolajin, furotin mai kama da zare da ke ɗaure nama, shuɗi shar, mai kauri a fatar da ta lulluɓe ƙodar, siriri a tsakanin bututu. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na wani rinin da ake kira PAS. Kowane bututu da kowane ƙullin tace jini yana da zobe ja mai ɗan shuni, shimfiɗar da ƙwayoyin halitta ke zaune a kai, kuma kolajin nau'i na 4 da wani furotin mai suna laminin ne suka saƙa ta. Na daɗe a nan har shayina ya huce.

Abin dubawa shi ne irin wurin da ƙwayoyin ƙodar suke aiki. Bututun Henle na raƙumi, wato lanƙwasassun bututun da fitsari ke bi a cikin ƙoda, dogaye ne, suna nutsawa can cikin medula inda gishiri da yuriya suka yi tsananin yawa. Wannan gishirin ke janyo ruwa ya koma jini, shi ya sa fitsarin raƙumi yake fita kaɗan, da kauri, ya ninka iyakar na ɗan Adam fiye da sau 2. Amma gishirin yana tsotse ruwan ƙwayoyin wurin su ma. Zarurrukan aktin da keratin da bimentin ne ke riƙe siffarsu daga ciki, kamar azara a ɗakin soro. Kuma ba riƙewa kaɗai ba: idan ƙishi ya sa jiki ya saki sinadarin basofiresin, sai aktin ya sassauta kafin ƙofofin ruwa na akuwaforin-2 su isa bangon ƙwayar.

Da dare abokin ɗakina ya dage wai a tozo raƙumi ke ajiye ruwa. Kitse ne a tozo, na gaji da faɗa. Na buɗe masa binciken da masana na Jami'ar Bristol ta Ingila suka fitar a 2021 tare da takwarorinsu na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda suka nuna cewa ƙodar raƙumi mai ƙishi tana rage kolestarol, abin da suke ganin yana sauƙaƙa mata mayar da ruwa. Ya karanta rabi ya ce turancin ya yi yawa, a bari sai ya ci abinci.