Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Rahoton Asuba da Ya Ƙi Fitowa

Makon jiya na tsaya inda Hajiya, shugabar ƙungiyarmu, ta danƙa mini makullin ofis da kalmar sirrin uwar garken da muke haya a Faransa, wato na'urar da ke gudanar mana da aiki daga nesa. Wanda ke riƙe da aikin kafin ni ya samu gurbi a Yamai, ya bar mini ƴan rubuce-rubucen umarni da shi kaɗai ya san kansu.

Wakilanmu na kasuwar Dole, Mirriya, Matamaye, Magariya da Tanut kan aiko farashin tiyar hatsi da dawa da wake ta waya bayan isha'i. Da asuba uwar garke ta tattara saƙonnin, ta haɗa rahoto, wani gidan rediyo ya karanta da safe. Manomi na jin wannan kafin ya ɗora buhu kan amalanke, ya san ko fitar ta cancanta. Shi ya sa ban taɓa ɗaukar aikin da wasa ba.

Duk wanda ya taɓa shiga na'ura mai nisa ta ssh daga Damagaram ya san ciwon nan: kana tsakiyar aiki rezo ya yanke ko kuran ta ɗauke, na'urar can ta ga an katse layi, ta kashe abin da ka bari yana gudana. Maganinsa tmux. Yana buɗe zama a kan uwar garken, zaman ya ci gaba ko ka fita, in ka dawo ka tarar da tagoginka yadda ka bar su. Wanda ya gabace ni ya rubuta umarni mai buɗe zama da sunan farashi, ya ɗora wa cron, shirin da ke tayar da umarni a lokacin da aka tsara masa, alhakin tayar da shi ƙarfe biyar na asuba, don da safe mutum ya leƙa ya ga abin da ya wakana da idonsa.

Mutumin yana tafiya Yamai aka sake girka uwar garken, rahoto ya daina fitowa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, in na zauna da rana na buga umarnin da hannuna, komai lafiya lau. Da asuba kuwa shiru.

Hajiya ta kira ni. "Ɗana, masu rediyo sun ce yau ma ba su ga komai ba." Na ce, "Hajiya, a ƙara mini haƙuri, ina kansa."

Na hau kabu-kabu zuwa Birni wurin wani malamina, dattijo da ya daɗe a harkar. Shi mutumin screen ne, wani shiri mai aiki irin na tmux da ya fito tun 1987. Tmux na 2007 yaro ne a wurinsa. Ya gama saurarena, ya kurɓi shayi, ya ce, "Kai ne kake gani da rana. Da asuba wa ke gani?" Na ce babu, Malam. Ya ce to in fara sa na'urar ta faɗi abin da ke damunta. Cron yana aika ƙorafinsa ne ta wasiƙa, mu kuwa ba a saita wasiƙa a kan uwar garken ba, duk kukan yana bin iska. A ƙarshen layin cron na ƙara >> /tmp/farashi.log 2>&1 don ƙorafin ya zuba cikin fayil, na mai da lokacin kowane minti don kada in jira wata asubar.

Layin farko da ya faɗo cikin fayil: tmux: not found. An ajiye tmux ɗin a /usr/local/bin, shi kuwa cron /usr/bin da /bin kawai yake dubawa, bai gaji komai daga saitin da nake samu in na shiga da kaina ba. Na rubuta masa cikakkiyar hanyar. Sai na biyu ya fito: open terminal failed: not a terminal. An rubuta new-session, umarnin buɗe sabon zama, ba tare da -d mai buɗe shi a bayan fage ba, wato tmux na neman allon da zai manne masa, cron kuwa ba shi da allo. Harafi ɗaya ya warware wannan.

Na uku ne ya fi wahalar da ni, domin bai bar ƙorafi ko ɗaya ba. Fayil fes, rahoto babu. Rubutun yana fara tambaya da has-session -t farashi, in zaman yana nan ya wuce, in babu ya buɗe sabo. Na buga tmux ls don ganin zaman da ke buɗe, sai ga wani zama mai suna farashi-gwaji da na buɗe ina gwada -d ɗin na manta. Ashe in tmux bai samu sunan daidai ba, yakan karɓi wanda ya fara da waɗannan haruffa. Kamar ka tsaya a zaure ka kira Abdu, Abdullahi ya amsa, ka ba shi saƙon. Duk umarnin da rubutun ke turawa cikin zama ta send-keys, cikin tagar gwajin yake zubewa, inda wani shiri ke tsaye yana jiran a amsa masa i ko a'a. Na leƙa tagar, ga umarnina jere, layi bisa layi, ba wanda ya gudana. Alamar = gaban sunan, -t =farashi, ita ke tilasta masa neman sunan cif. A ganina duk rubutun da zai gudana ba mai kallo bai kamata ya rasa ta ba, ko da a ce yau zama ɗaya ne tak a na'urar.

Washegari bayan sallar asuba na kunna rediyo a tsakar gida, na ji ana karanta farashin wake na Magariya. Hajiya ta bugo waya, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Haka muka ci gaba har ƙarshen watan Maris, sai rahoto ya fara fitowa ƙarfe huɗu, kafin saƙon wakilin Tanut, wanda sai ya samu rezo cikin dare yake aikowa, ya iso. Faransa ta tura agogonta gaba da awa ɗaya, mu a Nijar ba ma taɓa namu, uwar garken kuma agogon Faris take bi. Yadda muka kwashe da wannan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.